Ina Tirela Za Ta Tsaya? Dakon Kaya a Tsarin Jihar Legas da Kasafinta

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 ya san wannan yanayi: tireloli sun kwana a hanya daga Kano ko Sakkwato, kwandunan tumatir a ɗore kan juna, 'yan dako sun naɗe ƙafar wando suna jiran a buɗe bodi, direba kuwa ya leƙo ta taga yana neman inda zai ajiye motarsa ba tare da ya toshe titi ba. Wurin da direban nan yake nema bai kamata a bar wa sa'a ba, domin abu ne da ake tanada tun daga kan takarda, a cikin tsarin gari da kasafin kuɗin gwamnati.

Jihar Legas ta yi ƙoƙari sosai wajen jigilar mutane. A 2008 hukumar sufuri ta jihar, LAMATA, ta ƙaddamar da motocin BRT, wato manyan motocin bas masu layinsu na musamman a kan titi, daga Mile 12 zuwa CMS, a 2023 jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2, sannan aka buɗe Red Line a 2024. Amma da zarar an zo batun kaya sai magana ta sauya, saboda tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna hannun NPA, hukumar kula da tashoshin jiragen ruwa ta gwamnatin tarayya, manyan hanyoyin da suka nufi can su ma na tarayya ne, don haka yana da sauƙi jiha ta ce ba huruminta ba ne. A ganina akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: fasinja yana kaɗa ƙuri'a, kwantena ba ta kaɗawa.

Sai dai kwantenar ba ta san iyakar hurumi ba. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi ƙamari, jerin gwanon tireloli da tankoki ya hau gadoji har ya kai wajen Ojuelegba, direbobi suna shafe kwanaki, wani lokacin makonni, suna kwana a ƙarƙashin motocinsu, suna wanka da alwala a gefen titi. Duk kwanan da kaya suka ƙara a tasha ana cajin mai su kuɗin jinkiri, shi kuma ɗan kasuwa ba daga aljihunsa zai biya ba, kan farashi zai ɗora, ko a Alaba ne ko a Kantin Kwari. A Fabrairun 2021 NPA ta kawo tsarin Eto, wanda ya wajabta wa direba ya yi rajista ta intanet, ya jira a garejin da aka amince da shi har a kira shi. Abin lura a nan shi ne, manhajar Eto ba ta da amfani idan babu garejin, filin gina gareji kuwa, bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, a hannun gwamna yake.

Akwai kuma lissafin kwalta. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinta: idan nauyin da ke kan ƙafar mota ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Ma'ana, titin da aka tsara domin danfo da ƙananan motoci, idan tireloli masu lodin wuce kima suka mayar da shi hanyarsu, damina kaɗan zai gani ya farfashe, kuɗin gyara kuma su fito daga baitulmalin jihar da tun farko ba ta sa su a lissafi ba. Shi ya sa aka koma kankare a titin Wharf na Apapa, wanda kamfanonin Dangote da Flour Mills suka sake ginawa tare da NPA.

To daga ina kuɗin za su fito? Titin Apapa zuwa Oshodi an yi shi ne ƙarƙashin tsarin da kamfani zai gina hanya a cire masa daga harajinsa, amma harajin kamfanoni na tarayya ne, jiha ba ta da wannan damar. Abin da take da shi shi ne kasafinta, da takardun lamuni da Legas ta saba sayarwa a kasuwar jari, da haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Garejin manyan motoci, ma'aunin nauyi, ɗakunan sanyi da mashigin manyan kwale-kwalen dakon kaya duk abubuwa ne da masu amfani da su ke biya, saboda haka suna iya mayar da bashin da aka ci domin gina su, muddin direba ya san kuɗi ɗaya zai biya da rasit, ba a tare shi a kowace kwana ba. Wata ƙofar ta buɗe a 2023, lokacin da gyaran kundin tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Layin dogo na Legas zuwa Ibadan, da aka buɗe a 2021, ya shiga har cikin tashar Apapa, kuma jirgi ɗaya yana ɗauke kwantenonin da sai tireloli da dama za su kwasa.

Yanzu ido yana kan Lekki. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa mai zurfi a can, wadda ita kanta gwamnatin Legas take da hannun jari a cikinta, ga matatar Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana a maƙwabtaka. An buɗe tashar ba tare da layin dogo ya isa gare ta ba, don haka mafi yawan kwantenoni da tankokin mai kan titin Lekki zuwa Epe suke bi, titin da ma'aikata da 'yan makaranta ke bi safe da yamma. Gwamnatin jiha ta faɗaɗa ɓangaren Eleko zuwa Epe da kankare, amma filin da za a ware wa layin dogo na dakon kaya da gareji kullum ƙara tsada yake yi, domin masu gina rukunin gidaje sun riga sun isa wurin.