Laccar da aka gabatar a Sakkwato: Inda ruwa ke danna ƙofa

Assalamu alaikum. Ɗalibai da malamai, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa madatsar Goronyo a kan kogin Rima ya ga ruwa iya ganinsa, sai ya ɗauka yawan ruwan ne ke wahalar da ƙofofin. A'a. Ƙofa ba ruwanta da faɗin tafki, zurfi kawai ta sani. Kowace mita ɗaya ta zurfi tana ƙara matsi kamar nauyin tan 1 a kan kowace murabba'in mita.

To mu sauko fadama. Ga ƙofar ƙarfe a bakin magudanar noman rani, tsayinta mita 2, faɗinta mita 1, ruwa ya cika har baki. A sama matsin sifili ne, a gindi ya kai maƙura. Idan kun haɗa duka, ruwan yana tura ta da ƙarfin kusan tan 2.

Amma a ina yake turawa? Nan ne nake so ku natsu, don nan ɗalibaina suka fi faɗuwa, kuma abin yana damuna. Ba a tsakiya ba ne. Tunda ƙasa ta fi shan matsi, ƙarfin yana taruwa a kashi ɗaya cikin uku na tsayin daga gindi, wato wajen santimita 67.

Yanzu ku kawo hinji, mahaɗin da ƙofa ke juyawa a kansa. Kun san tura ƙofar ɗaki kusa da hinji ya fi wuya a kan tura ta a wurin mariƙi. Haka lissafin yake a nan. In hinjin yana ƙasa, sakatar da ke sama za ta riƙe kusan kilo 670 ne. In kuka mayar da shi sama, sakatar ƙasa sai ta riƙe kusan kilo 1,330. Ƙofa ɗaya, ruwa ɗaya, amma nauyin sakata ya ninka.

Sannan damina ta zo. Ku ce ƙofa ce doguwa mai hinji a gindi, zurfin ruwa ya ninka sau biyu. Turawar ta ninka sau 4, ƙarfin juya ƙofar kuwa sau 8. Shi ya sa a manyan madatsu ake yawan lanƙwasa fuskar ƙofa kamar baka, yadda duk turawar za ta bi ta kan mahaɗin, injin ɗagawa ya ji da nauyin ƙarfen da ɗan gogayya kawai.

Ku fito da takardu, mu gwada da zurfin mita 3.