Sharhi: Yarjejeniyar Maputo Tana Jiran Majalisar Tarayya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga nan Abuja, sharhinmu na yau yana magana ne a kan alkawarin da Najeriya ta ɗauka wa mata da 'yan mata a gaban ƙasashen Afirka, da kuma inda aka kwana wajen cika shi.

Ranar 11 ga Yuli, 2003, shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da yarjejeniyar kare haƙƙin mata a birnin Maputo na ƙasar Mozambik. Ta fara aiki a Nuwamban 2005, kuma zuwa yanzu ƙasashe fiye da 40 cikin 55 sun tabbatar da ita. Najeriya na cikin na farko-farko, tun 2004.

To amma sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙasashen waje ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. An yi wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam haka a 1983, shi ya sa lauya ke iya kafa hujja da ita a kotu. Ta Maputo kuwa, sama da shekara 20 ke nan tana jira.

Me ke cikinta? Ta hana kaciyar mata. Ta ce kada a ɗaura wa mace aure sai da yardarta. Ta ce matar da mijinta ya rasu tana da rabo a gadonsa, tana da damar ci gaba da zama a gidan aurenta da riƙon 'ya'yanta. Wannan na gado shi ya fi tsaya mini a rai. Musulunci ya yanke wa matar mamaci tumunin takaba, ya yanke wa 'ya mace rabonta tun ƙarni 14 da suka wuce. Duk da haka, wa bai san gidan da aka cinye gonar marayu mata ba, aka ce ai za su yi aure, mijinsu ya ciyar da su? Wa bai ji labarin matar da ta fita takaba ta tarar 'yan uwan miji sun sayar da fili ba? A kudu ma sai a 2014 Kotun Ƙoli ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, a shari'ar gidan Ukeje.

Masu ɗari-ɗari da yarjejeniyar suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Sashe na 6 ya sanya shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ya kuma fifita auren mace ɗaya, kodayake ya ce a kare haƙƙin mata a gidan da ake da kishiya. Sashe na 14 ya ba da damar zubar da ciki idan an yi fyaɗe ko rayuwar uwa tana cikin haɗari. Majalisar maƙwabciyarmu Nijar ta ƙi amincewa da ita a 2006. A nan Abuja ma, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi a 2016, bisa dalilan addini da al'ada.

Ra'ayina shi ne, saɓani a kan sashe biyu ko uku bai isa a jingine sauran ba. A kira malamai da limaman coci da sarakuna da ƙungiyoyin mata, a zauna a bi ta sashe-sashe. Abin da aka yi ittifaƙi a kai a mayar da shi doka, wanda ake jayayya a ci gaba da muhawara. Babu malamin da zai ce a bar mace ta mutu wajen haihuwa don babu ungozoma a asibitin ƙauye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a Jos ko Babbar Ruga ta Katsina ya san abin da doguwar naƙuda ke yi wa yarinya.

An taɓa gwada wannan hanya. Dokar hana cin zarafi ta 2015 a Abuja kaɗai ta fara aiki, daga baya jihohi suka riƙa karɓarta ɗaya bayan ɗaya, wasu da gyare-gyaren da suka dace da su.

Yanzu ga wata sabuwa: a Fabrairun 2025 shugabannin Afirka sun amince da yarjejeniyar kawo ƙarshen cin zarafin mata da 'yan mata a Addis Ababa, tana jiran ƙasashe su tabbatar. Kafin a ɗauko sabon alkawari, ya kamata ma'aikatar shari'a da ta harkokin mata su kai wa majalisa yarjejeniyar Maputo da Najeriya ta tabbatar a 2004. Da yake mata huɗu kacal ke cikin sanatoci 109, mazan da suka cika zauren ne za su yanke, kuma duk wanda ya zo mazaɓarsa neman ƙuri'a, a tambaye shi matsayinsa a kan wannan.

A huta lafiya.