Amsoshin Tambayoyinku: Samanja Mazan Fama da zamanin talabijin mai ƙofa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardun wannan makon da yawansu a kan abu guda suka faɗo, wato wasannin barkwanci na talabijin na zamanin da, musamman Samanja Mazan Fama. Na zaɓo huɗu, sauran sai wani jiƙon.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Gusau. Ya ce: "Duk lokacin da mahaifina ya gan mu muna kallon barkwanci a waya sai ya ce ba mu ga komai ba, tunda ba mu ga Samanja ba. Wane ne Samanja? Da gaske soja ne, ko kakin aro ya sa?"

To ɗana, ka gaishe mana da Baba, ka ce masa yana da abokin shaida a nan. Sunan mutumin Usman Baba Pategi. An haife shi a 1942 a garin Pategi da ke bakin kogin Kwara, a jihar Kwara ta yanzu, Banufe ne kuma ɗan gidan sarautar garin. Kakinsa ba na aro ba ne. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a shekarun 1960, zamanin yaƙin basasa, bai bar aikin ba sai 1985. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa.

Amma in kana son ka gane abin da ya sa mahaifinka yake dariya tun kafin ya gama ba ka labarin, sai ka san irin ƙasar da aka yi wasan a cikinta. Kafin a fara yaƙi a 1967 sojojin Najeriya ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Ana gama yaƙin a 1970 sun kai wajen 250,000. Ina barikin da zai ɗauke su? Babu. Sai suka watsu cikin gari suna haya, ɗakin soja na jikin ɗakin tela, matar kofur da matar ɗan kasuwa suna layi a famfo ɗaya. Ga shi kuma su ne da mulki: Gowon, Murtala, Obasanjo, aka ɗan sha iska da Shagari daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, sai Buhari, sai Babangida. Wanda ya taɓa shan tsallen kwaɗo a bakin titi, ko ya ga bulala a layin motar haya lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, ya san ba a yi wa mai kaki dariya a gabansa.

Sai ga mai kaki a cikin akwati, da gashin baki, yana zare ido, yana daka tsawa, yana cakuɗa Hausar bariki da burokan Turanci, kuma an halatta maka ka yi masa dariya har ka faɗi ƙasa. A gaban ƙananan sojoji shi ne zaki. Hafsan soja na shigowa sai jiki ya ɗauki rawa, a ƙame, a sara. In ya koma gida kuma ga rigimar iyali wadda tsawar fareti ba ta maganinta. Ni a ganina nan sirrin wasan yake. Kuma saboda mutumin ya ci tuwon bariki da gaske, sojojin kansu ba su ɗauke shi cin fuska ba. Su ne ma suka fi kowa ƙyaƙyatawa, don kowannensu yana da samanjan da ya taɓa gasa masa aya a hannu.

Takarda ta biyu daga wata Hajiya ce a Fagge, cikin Kano. Ta ce jikokinta sun ƙi yarda wai a da talabijin buɗewa yake yi kuma ya rufe, suna cewa tatsuniya take yi musu. Tana so in faɗa musu da bakina.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki tara su kusa da rediyo. Yara, kakarku ba ta yi ƙarya ba. Tasha ɗaya ce a gari, sai da la'asar take buɗewa, a fara da taken ƙasa, a yi shirin yara, a yi labarai, ƙarfe tara na dare a haɗa da Legas don labaran ƙasa, in dare ya raba a sake taken ƙasa a rufe. Ka kunna da hantsi ba abin da za ka gani sai yayyafi da shuuu.

Talabijin ya fara a Najeriya ne a Ibadan a 1959. Arewa ta samu nata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna. Mai launi kuwa Jos ce ta riga kowa, a tsakiyar shekarun 1970, kafin gwamnatin soja ta haɗe tashoshin duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Ku na Kano daga baya kuka samu ƙarin CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. Abin da ya shigar da akwatin gidajen ma'aikata da yawa kuwa shi ne kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka biya da ariyas a 1975. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, wasu suka ɗauko talabijin a ka.

Duk da haka a layinmu gida ɗaya ne mai shi, gidan wani ma'aikacin reluwe. Baƙi-da-fari ne, a cikin akwatin katako mai ƙafa huɗu da ƙofa mai zugewa, har da makulli, makullin kuma yana aljihun maigida. An lulluɓe samansa da saƙar uwargida, an ɗora fulawar roba. Ranar Samanja tun kafin magariba yaran unguwa sun fara shawagi a ƙofar gidan. Ɗan gidan a ranar ya fi hakimi. Wanda ya yi faɗa da shi a makon sai ya nemi sulhu da gyaɗa ko alawa, in ba haka ba ta taga zai yi kallo, yana ɗage, wani na taka masa ƙafa. Uwargida tana da doka ɗaya: sai ka je bakin rijiya ka wanke ƙafa kafin ka taka mata leda. Mu zauna a ƙasa sahu-sahu, ƙanana a gaba, manya a kujera, matan gida daga bakin labule.

In an murɗa makunnin ba nan take hoto yake zuwa ba, sai akwatin ya yi zafi. Murya ce take fara fitowa, sannan hoto ya taso a hankali. Wani lokaci ya taso yana birgima sama da ƙasa, sai maigida ya miƙa hannu baya ya murɗa wani ɗan maɓalli, in ya ƙi ya kai masa mari a gefe, kuma abin mamaki yakan ji. In iska ta juya eriya, wadda ke ɗaure a kan dogon gora, sai a tura babban yaro waje. "Ya yi?" "Bai yi ba!" "Yanzu fa?" "Koma kaɗan! Tsaya! Tsaya nan!" Shi bawan Allah yana can riƙe da gora yana jin dariyarmu daga nesa.

Babbar fargabar ita ce NEPA. In ta ɗauke wuta a tsakiyar wasa, hoton ya tattare ya zama ɗan ɗigon haske a tsakiyar gilashi ya mutu, ɗakin ya ɗauki salati. Ba mai tashi. A zauna cikin duhu ana jira, wani yaro yana kwaikwayon tsawar Samanja don rage zafi. In an kawo kafin a gama, unguwa duka ta ɗauki ihu. In ba a kawo ba, shi ke nan, wannan ya wuce ka har abada, sai dai gobe a makaranta ka nemi wanda unguwarsu ke da wuta ya ba ka labari, shi kuma ya ƙara gishiri yadda ya ga dama. Wannan ne abin da yaran yanzu ba za su iya ɗanɗanawa ba, Hajiya. Su in abu ya wuce su ja shi baya suke yi da yatsa. Mu ido da kunne muke bazawa don mun san sau ɗaya za a yi, shi ya sa har yau akwai tsofaffin da za su kawo miki maganganun wasan da ka.

Kuma ba Samanja kaɗai ba ne. Akwai marigayi Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu a 2017, akwai Karkuzu na Bodara daga Jos. Su suka share fagen da finafinan bidiyo na Kano suka shigo daga 1990.

Ta uku daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce: "Me ya sa a wasannin barkwancin Turawa ake jin mutane suna dariya a baya, alhali ba a ganinsu?"

'Yar'uwa, muna gaida mutanen Katsinar Maraɗi, ku da kuka sha kallon Yazi Dogo a Télé Sahel. Dariyar nan iri biyu ce. Akwai ta gaske, inda ake tara 'yan kallo a zauren ɗaukar shiri a yi wasan a gabansu. Haka aka yi wa I Love Lucy, wanda aka fara a Amurka a 1951, da kyamara uku suna ɗauka lokaci guda. Wasan ya karɓu har a watan Janairun 1953 mutum miliyan 44 suka kalli kashin da tauraruwar ta haihu a ciki. Akwai kuma ta gwangwani. Wani injiniyan sauti mai suna Charles Douglass ya ƙera na'ura a shekarun 1950 wadda ya tara dariya iri-iri a ciki, ta maza, ta mata, gajera, doguwa, yana danna wadda ta dace a inda ake so. Hikimar ita ce mutum ba ya son yin dariya shi kaɗai, in ya ji wasu sun fara sai ya bi. Mu dai a falon ma'aikacin reluwen nan ba mu buƙaci na'urar kowa ba. Ko da an sa, ba mai jinta, don sau da yawa sai maigida ya daka mana tsawa mu yi shiru saboda dariyarmu ta danne maganar da ke biye.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ne mai ritaya a Jos. Ya ce me ya hana gidajen talabijin su riƙa maimaita waɗannan wasanni gaba ɗayansu? Ya ƙara da cewa yana da kaset ɗin bidiyo guda biyu da marigayi yayansa ya ɗauka daga talabijin a shekarun 1980, yana tambaya ko suna da amfani.

Malam, Allah ya jiƙan Yaya. Matsalar daga kaset take. A wancan zamani tsada gare shi, daga waje ake shigo da shi, kuma ana iya gogewa a sake ɗauka a kai. Tashar da ke da shirin gobe ba ta da sabon kaset, me kake tsammani za ta yi da na makon jiya? Ba a nan kaɗai aka yi haka ba. BBC da kanta ta goge shirye-shirye masu yawa a shekarun 1960 da 1970. Dad's Army, wasan barkwancinsu na dakarun tsaron gida, wanda aka nuna daga 1968 zuwa 1977, har yau akwai kashi uku nasa da hotonsu ya ɓace. I Love Lucy da na ambata ya tsira ne saboda a kan fim irin na silima aka ɗauke shi, wanda ba a gogewa. Kaset ɗin da ya kuɓuta daga gogewa kuma sai ya haɗu da zafi da ƙura da laimar damina, ga na'urorin da ke karanta shi sun mutu ba kayan gyara. Guntayen Samanja da ake gani a YouTube yanzu, ka lura da yadda hotonsu yake rawa, irin wannan doguwar hanyar suka biyo.

Saboda haka kasakasan nan naka suna da amfani ƙwarai, wataƙila ma abin da ke ciki babu shi a wani wuri. Kada ka yi gaggawar zura su a tsohuwar na'urar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado, tana iya tauna zaren. Ka fara leƙawa ta ɗan gilashin kaset ɗin. In ka ga fari-fari a jikin zaren, funfuna ce, sai an goge ta tukuna. Ka ajiye su a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. Sannan ka nemi masu juyar da tsofaffin bidiyon biki zuwa kwamfuta, akwai su a manyan garuruwa, ka tsaya a kansu su yi a gabanka, ka karɓi kwafi biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurin wani ɗanka. Kaset ɗin ma ka karɓo abinka, kada ka bar musu. In an juya, ka rubuto mana ka faɗa mana abin da Yaya ya ɗauka.

Lokaci ya yi halinsa. Masu tambaya a kan wasannin rediyo na Kaduna, takardunku na nan a hannu, su za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.