Darasi: Yadda Ake Ƙunshe Magani a Cikin Ƙwayoyin Aljinet

To jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Kano. Yau diclofenac, maganin ciwo da kumburi, za mu ƙunshe, yadda zai wuce ciki bai narke ba sai ya isa hanji. Kun dai san ɓarnar da yake wa mai gyambon ciki. Wannan aikin ɗakin gwaji ne fa, ba na haɗiya ba.

Ga sodiyom aljinet, garin da ake samu daga ciyawar teku, giram 2, ga ruwan distil, wato wanda aka raba da ma'adanai ta hanyar tururi, mililita 100. Ruwan distil na ce. Kada ku taɓa ruwan burtsatse, sau da yawa akwai kalsiyam a cikinsa, tun a bika, wato kofin gilashin gwaji, zai fara daskare muku.

Nan wajen ne ake shan wahala. Kar ku juye garin gaba ɗaya. Ku riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan na'urar gaurayawa tana juyawa, kamar mai kaɗa miyar kuka. In kun zuba lokaci guda gudaji zai yi, bayansa ya jiƙe, cikinsa busasshe, ku yini kuna juyi. In ya yi sumul sai ku zuba maganin, giram 1. Daga nan ku rufe ya kwana, kumfar ta fita. Duk ƙwayar da kumfa ta shiga yawo za ta yi a saman ruwa. Ga wanda ya kwana, kun ga bambanci.

Ɗaya bikar kuma kalsiyam kulorayid ne narke a ruwa, giram 5 a mililita 100... a'a, afuwan, a 250, kashi 2 cikin 100 ke nan.

Sai sirinji: ku zuƙi haɗin aljinet ɗin, ku ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam. Allura mai lamba 21 na fi so. 18 ta fi sauƙin turawa, amma ƙwayoyin manya suke fitowa. Ku ɗaga kamar santimita 10, ɗigo-ɗigo, irin jefa ɗanwake. In kun matso kusa, ko haɗin ya cika kauri, za su fito da jela. In kun yi sama da yawa, su baje. Kun ga yadda suke ƙanƙamewa nan take? Kalsiyam ne ke shiga tsakanin zaren aljinet ɗin, kamar ƙwai a kiret.

Ku bar su a ruwan kalsiyam ɗin, minti 20 zuwa 30 ya isa. Daɗewa na ƙara tauri, amma magani na iya zurarewa cikin ruwan. Don haka kar ku zubar da shi, ku auna abin da ya fita.

A tace, a ɗauraye, a busar a digiri 40 na ma'aunin Celsius. Ba a baza su a rana, balle da ƙurar hunturu.

Gwajin kuwa a digiri 37 ne: awa 2 a asid mai pH (ma'aunin tsami) 1.2, kamar na ciki, sannan ruwan fosfet mai pH 6.8, kamar na hanji. A asid za su tsuke. A fosfet kalsiyam ya fice, su kumbura su saki maganin, ku karanta yawansa da na'urar auna haske ta UV a nanomita 276.