Gyaran Shukar Tukwane Bayan Ɗaukewar Damina

An rubuto wannan ne daga laccar da wata malamar gona ta gabatar wa matan unguwa a Tudun Wada, Kaduna, a ƙarshen watan Oktoba.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa. Na san kowacce ta baro aiki a gida, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, hunturu na bakin ƙofa. Yanzu ne mace za ta dubi bokitan da ke tsakar gidanta, ta ga alayyahu ya yi kai, tumatir ya yi rawaya, ta ce shuka ta ƙare sai baɗi. Don Allah kar ku yi haka. A Kaduna babu lokacin da ya fi wannan albarka ga mai shuka a tukunya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi, ciwon ganye da laima ke kawowa ya ragu, shi ya sa masu lambu a bakin Kogin Kaduna suke dasa latas da kabeji da tumatir yanzu.

Idan kuɗin hannunki kaɗan ne, ki kashe su a kan ƙasa. Wata shida ruwan sama yana bi ta cikin bokitin nan yana fita ta ƙasa, ya wanke abincin da ke ciki, ya bar ƙasar a danƙare. Ko wane irin tsiro kika saya kika dasa a ciki, yunwa zai sha. Ki juye ta a kan buhu, ki farfasa, ki tsince tsofaffin saiwoyi, ki bar ta ta sha rana kwana biyu ko uku. Sannan ki haɗa kwano biyu na tsohuwar ƙasa, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. Takin kuwa, ga kasuwar dabbobi ta Zango nan kusa da mu, mai awaki a gida ma ba sai ta fita ba. Amma ya zama ya ruɓe, ya yi baƙi, wari ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, na sha ganin shukar da aka kashe da shi ana zaton gata ake yi mata. Ƙasar da tumatir ya yi yaushi ya mutu a cikinta kuma, kar a mayar mata da tumatir ko tattasai, ciwon yana nan kwance. A sa mata albasa ko latas.

Mazubi ba abin saye ba ne. Bokitin fenti, yankakkiyar jarka, buhun shinkafa, tsohuwar roba, duk sun yi, a dai huda gindin.

Ba kowace shuka ake tugewa ba. Attaruhu yana wuce shekara, ki rage masa rassa, ki kwashe ƙasar sama ki zuba sabuwa, zai sake tohowa. Na'a-na'a da ta cika tukunya a raba ta uku. Ɗoɗɗoya ki yanki reshe ki tsoma a kofin ruwa har ya fid da saiwa. Fulawar nan ta jikin katanga mai fure kamar takarda, ki roƙi reshe wurin maƙwabciya. Da rani take ado, kuma ba ta son ruwa da yawa. Gindin albasar da kika yanka a kicin ma zai ba ki lawashi.

Sai maganar ruwa, wadda na san ita ke damun kowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana tsotse tukunya cikin yini guda. Ku tara tukwanen wuri ɗaya a inda katanga za ta tare musu iska, amma rana ta same su. Ku rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, yanzu kaka ce, kyauta ake samu. Ruwan wankin shinkafa da na alwala sun isa ban ruwa. Na omo da mai gishiri ne ban yarda da su ba. Kafin ki zuba, ki tura yatsa, in da danshi ki bari sai gobe.

Hajiya a can baya tana tambayar tsutsar tumatir. Ita ce ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A cikin ganye take shiga ta yi ta ci, sai ki ga farin zane. A gida maganinta ido ne, Hajiya: duk safiya ki duba, ganyen da kika ga zanen ki cire ki ƙona. Ki daka ganyen dogon yaro, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma sau ɗaya a mako.

Masu son irin latas su tsaya bayan addu'a, na zo da kaɗan, za mu raba.