Waƙar Hip-hop da Katin Zaɓe: Daga Bronx Zuwa Kaolack

Assalamu alaikum. Na can baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku na zo da su, in lokaci ya bar mu.

Na farko, asali. Ranar 11 ga Agustan 1973, a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a unguwar Bronx ta New York, wata yarinya ta shirya casu don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Yayanta, Kool Herc, haifaffen Jamaika, shi ya saka faifai. Unguwar talakawa ce, har masu gidaje kan cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. A nan waƙar hip-hop ta tsiro.

Ni kuwa a makarantar kwana na fara jin ta, a wani kaset da aka kwafa aka sake kwafa. In rediyo ta cinye zaren, da biro muke naɗe shi. Turancin ma rabi muke ji! Amma mun gane mutum ne yake kiran sunan layinsu, yana faɗin abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shi ya sa yaro zai ce maka waƙar nan da shi take.

To, Senegal. Ku gyara zama, nan ne inda nake so. Janairun 2011, a Dakar, an ɗauke wuta, abokai na zaune cikin duhu: ɗan jarida Fadel Barro da mawaƙa biyu, Thiat da Kilifeu, 'yan ƙungiyar Keur Gui ta garin Kaolack. Ɗauke wuta fa! Na ga kuna dariya, ku ai kun saba. Su suka ce sun gaji, suka kafa ƙungiyar Y'en a marre, wato tura ta kai bango. Abin da ke burge ni, ba su tsaya a sitidiyo ba. Unguwa-unguwa suka bi, suna waƙa da Wolof, suna ce wa matasa su je su yanki katin zaɓe, katin shi ne makaminsu. Katin zaɓe, jama'a. Na maimaita, katin zaɓe.

Shugaba Abdoulaye Wade ya kai wa majalisa ƙudurin da zai bar mutum ya ci zaɓe a zagayen farko da kashi 25 cikin ɗari. Ranar 23 ga Yunin 2011 jama'a suka cika ƙofar majalisa, dole aka janye shi. Duk da haka tsohon ya nemi wa'adi na uku, a Maris na 2012 Macky Sall ya kayar da shi. Abin da ya fi daɗi, da Macky Sall ya hau, Keur Gui suka juyo kansa shi ma.

Na uku... ko na biyu muke? Ko ma dai na nawa ne, Burkina Faso: mawaƙi Smockey da ƙungiyarsu ta Balai Citoyen mai alamar tsintsiya suna cikin waɗanda suka tashi tsaye, har Shugaba Blaise Compaoré ya sauka a Oktoban 2014 bayan shekara 27 kan mulki.

Na'am, ɗan'uwa mai jar hula? Ya ce ai mu ma muna da mawaƙan siyasa. Ƙwarai, tun zamanin NEPU da su Gambo Hawaja. Amma tambayi kanka, wa ya biya kuɗin sitidiyo? Wanda aka ba mukullin mota bakinsa ya mutu. A fagen hip-hop ɗin kuma ga Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano. A 2004 ya yi waƙa ya ce Najeriya ta zama jaga-jaga, har Shugaba Obasanjo ya fusata ya mayar masa da martani. Ka saurare ta yau ka faɗa min wane baiti ne ya tsufa. Ana ɗaga min hannu, wai an kira la'asar.