Fodkas daga Damagaram: in an kashe eksepshon, ya laburare zai yi?

Malam: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Auta, ke kika zo da maganar yau, bismillah.

Auta: To Malam, satin da ya wuce ina haɗa ESP32, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri, da zai riƙa kunna fanfon sola a garkar kawuna, in ƙasa ta bushe ya kunna in ta jiƙa ya kashe, na ɗauko wani ƙaramin laburare na C++, wato kod da wani ya riga ya rubuta don a yi amfani da shi, ina fara ginawa kawai GCC, kwamfailar da ke gina kod ɗin, ya tsaya cak wai "exception handling disabled". Ashe ESP-IDF, kayan rubuta shirin ESP32, da eksepshon a kashe yake zuwa tun asali, wato hanyar da C++ ke jefa kuskure da throw don wani sashe na shirin ya kama shi.

Yaya: Ai ba su kaɗai ba ne. Masu LLVM, wani babban aikin kwamfaila, ba sa taɓa shi, Google ma sun hana a ƙa'idarsu ta rubuta C++, Arduino Uno kuwa RAM ɗinsa 2KB ne kacal, da -fno-exceptions ake gina masa komai. Kuma in an sa wannan, throw ɗaya tak ya isa ya tsayar da ginin.

Malam: To mai laburaren ya zai yi?

Yaya: Ya duba __cpp_exceptions, alamar da kwamfaila ke sawa in eksepshon a kunne yake, in babu shi sai ya bi wata hanya. A laburaren nlohmann json akwai JSON_NOEXCEPTION, throw ya koma abort, wato shirin ya mutu nan take. Laburaren Boost kuma in aka sa BOOST_NO_EXCEPTIONS kai ne za ka rubuta boost::throw_exception da hannunka.

Auta: Nan ne fa ban yarda ba Yaya, wallahi abort ɗin nan yana ci mini rai. A ESP32 na'urar mutuwa take ta sake tashi. Rezo ya yanke, saƙo ɗaya ya zo a gutsure, shi ke nan fanfo ya tsaya da rana tsaka salati na ƙonewa, ko ta mutu tanki na zuba ba mai kashewa, a garin da kowa ya san kuɗin jarka ɗaya ta ruwa lokacin bazara. Ni a maido mini da kuskuren a hannu, ni na san abin da zan yi da shi.

Malam: Tana da gaskiya. Shi nlohmann ɗin ma parse ɗinsa, mai karanta saƙo, yana karɓar allow_exceptions, ki ba shi false ya maido miki alamar saƙon ya lalace ba tare da ya kashe komai ba. Ga std::expected a C++23, in kwamfailarki tsohuwa ce akwai std::error_code tun C++11.

Yaya: Aikin ya ninku kenan Malam, duk gyara sai an gwada gini biyu, da eksepshon da kuma babu shi.

Auta: A gwada mana. Ni dai na cire throw huɗu da ke ciki na aika wa mai laburaren gyaran, gobe da sassafe zan kai na'urar garka in ɗaura ta jikin tanki.